Bangon Kaka Hajo

Ikara, farkon Mayu, 1964

Zuwa ga Yaya Inuwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi tun da na hana ta zuwa rijiya. An yi shuka a gonar bayan gari. Mutanenmu na Kudan sun aiko da mazarƙwaila, na ɓoye maka ɗaya, amma ban yi alkawarin za ka same ta ba.

Bayan haka, ranar Talata aka yi ruwan nan mai iska, kuma tun daga ranar ban koma daidai ba. Ina kwance da hantsi ina karanta littafin da ka aiko, na yarinyar da ta bi jirgin ƙasa neman wanta, sai na ji rim, kamar an yar da buhun dawa. Yaɓen bangon gabas ne ya ɓamɓaro, faɗin faifai biyu. Na tashi ina salati, ina cewa ga abin da nake faɗa wa Yaya, wata rana ɗakin nan zai binne ni. Da ƙura ta lafa na duba wurin ina zaton zan ga tubali. Sai na ga kan tsuntsu yana kallona.

Yaya, akwai wani bango a ƙarƙashin bangon. Na riƙa jiƙa yaɓen da ruwa ina ɓamɓara da bayan cokali a hankali. Zabi ne, an gina su da laka sun taso daga jikin bango, jere tun daga bakin ƙofa har kan gado. Ɗigon jikinsu duk da kan yatsa aka danna shi. Samansu akwai karan rake da ganyensa, sai jirgin ƙasa wanda hayaƙinsa ya murɗe ya zama dagi. Kuma a tsakiyar jerin akwai zabuwa ɗaya da ta juya baya, ita kaɗai take kallon ƙofa.

Ka san ɗakin nan na Kaka Hajo ne, wadda ta haifi babanka ta haifi babata. Shekara biyu ina kwana a cikinsa ina raina shi, ina damunka a kowace takarda da maganar ɗakin siminti mai rufin kwano da tagar gilashi irin na matan littattafai. Ban san da abin da nake jingina bayana da shi ba. Na sa yatsana a cikin ɗigon wata zabuwa, ya shige daidai kamar an auna. Magini namiji ba shi da yatsa irin wannan.

Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya. In ɗora tukunya in dawo in duba, in fita shara in dawo in duba. Jiya tuwo ya kama, Inna ta ce ko aljanun littafi ne suka shige ni.

Na kwafi jerin zabin a bayan wannan takarda don kada su ɓata. Kai da kake jera haruffan ƙarfe a maɗaba'a kullum, ka gaya mini in ka taɓa ganin irinsu a littafin Turawa. In ka yi mini dariya kuwa, taubashi, mazarƙwailar nan ta zama tawa.

Taka,
Atika

Kaduna, tsakiyar Mayu, 1964

Zuwa ga ƙanwata Atika,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na sami takardarki, na ji daɗin labarin ƙafar Inna. Ki gaishe ta ƙwarai, ki ce ta ci gaba da shafa man nan. Ni lafiya lau, sai aiki. Mazarƙwaila kuwa na yafe, don na san tun kafin ki lashe bakin ambulan ta wuce.

Na yi dariya, amma ta murna. Na kai zanenki wurin maigidanmu Malam Abdulsalami. Ya sa tabarau, ya juya takardar. Sannan ya jawo aljihun da muke ajiye ƙarafan ado, waɗanda ake kewaye bangon littafi da su. Duk daga Ingila aka kawo su, furanni ne da ganyaye. Ya ce, "Inuwa, dubi nan. Shekara da shekaru muna kewaye littafin Hausa da ganyen da akuyar ƙasar nan ba ta taɓa ci ba. Ga zabi a gida." Ya ce za a sassaƙa su a ƙarfe, a kewaye bangon wani littafin karatu da muke bugawa. Ki duba fa, zabin Kaka za su shiga Sakkwato da Yola alhali ita ko Kano ba ta taɓa zuwa ba.

To ga nawa albishir, wanda na daɗe ina haɗiyewa. Wani ɗan kwangila a nan ya gama aiki ya yi ragowar siminti, na karɓa. Kwano ma na tara shi tun bara. Taga kuwa na samu, mai gilashi huɗu, ana tura ta waje a maƙale da ƙarfe. Na yi magana da Maiwada magini na Makarfi, ya ce aikin bulo ba ya tsoron damina. Kaya za su iso da motar kasuwa. Ki koma ɗakin Inna na ɗan lokaci, ya rushe tsohon, ya tayar miki da sabo a gurbinsa. Tagar a gabas za a sa ta, ki riƙa karatu da hasken safe ba sai kin fito tsakar gida ba.

Da na ga kin rubuta cewa kin kwafe su don kada su ɓata, sai hankalina ya kwanta, na ce ashe yarinyar nan ta riga ni shiri. Ki ƙarasa kwafe jirgin da raken kafin Maiwada ya zo. Laka ta ruwa ce, Atika. Abin da ya hau ƙarfe ya shiga takarda shi ne ya tsira.

Mijinki,
Inuwa

Ikara, ƙarshen Mayu, 1964

Yaya,

Ina gaisuwa, kowa lafiya, Inna tana amsawa. Ka yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa.

Ba haka nake nufi ba! Na kwafe su ne don ka gani, ban kwafe su don a rushe ba. Don Allah ka aika wa Maiwada ya dakata.

Na gode da taga. Na karanta wurin sau da yawa, har na rufe ido na ga kaina a zaune a gabanta da littafi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Amma bangon gabas ɗin da za a sa ta, shi ne bangon.

Na kira Iya Lantana, ƙawar Kaka, wadda take sayar da daddawa a bayan masallaci. Da ta shigo ta tsaya dafe da sandarta, ta ce, "La ilaha illallahu. Ke 'yar nan, wa ya sa ki?" Sai ta zauna a bakin gado ta ba ni labari. Ta ce Kaka ta zo gidan nan daga Paki tana ƙanƙanuwa, mijinta Kaka Gambo kuwa bafatake ne, in ya tafi da rani sai an ga hadari. Ta rasa inda za ta sa kanta. Mace ba ta gini, to sai ta riƙa satar laka daga wurin masu yaɓe tana yin nata a cikin ɗaki, inda ba namijin da zai gani sai mai ɗakin. Kowace tafiya ya dawo ya tarar an ƙara wani abu. Jirgin nan sau ɗaya ta gan shi a rayuwarta.

Ranar da ya rasu ta shiga takaba, ta cire 'yan kunne da warwaro, ta kwance kitso. Da gari ya waye ta sa aka kwaɓa ƙasa ta shafe bangon da hannunta. Aka ce mata, "Hajo, bango ma takaba yake?" Ta ce shi ma ado ne. Da ta fita takaba Iya Lantana ta ce ta buɗe, ta ce, "In buɗe wa wa?"

Na tambaye ta labarin zabuwar da ta juya baya. Na ce, "Iya, ai Kaka ce take duban hanya ko zai dawo." Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Littattafan nan sun gama da ke. Zabuwa ce! Kin taɓa ganin garken zabi da duk suka yarda da hanya ɗaya?" Ni dai ban yarda ba, amma ban yi mata gardama ba.

Abin da ya dame ni shi ne Inna. Tana bakin ƙofa ta ji komai. Bayan Iya ta tafi ta ce mini, "Atika, abin da mai takaba ta rufe, mai miji ba ta buɗe shi. Ɗana yana bakin inji a garin mutane." Ta juya ta fita. Na ce camfi ne, amma a zuci na faɗa.

Ka rubuto da wuri. Ka ce mini kana lafiya, ka ce mini a bar bangon.

Atika

Ikara, tsakiyar Yuni, 1964

Yaya Inuwa,

Gaisuwa. Muna lafiya a jiki. Kai fa? Kasuwar Makarfi ta ci ta sake ci, wanda yake karɓo mana takardu ya dawo hannu sake. Ya ce gidan waya a rufe yake, wai ma'aikata sun ƙi aiki a ƙasa duka. Wasu sun ce an yi rikici a Kaduna, wasu sun ce ƙarya ne. Zan ba direban motar kasuwa wannan ko Allah zai sa ta same ka.

Kaya sun iso. Jakuna suka ƙaraso da su daga bakin hanya, unguwa duk ta fito kallo. An jibge siminti a zaure a kan itace. Tagar tana ɗakina a jingine, na lulluɓe ta da zane don ba na iya kallonta.

Maiwada ya zo. Ya zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar gatari, ya nuna mini inda ruwa ya ci gindinsa ta waje. Da ya ga zabin ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Ikon Allah. Wannan hannun mace ne." Na ce ya jira takardarka. Ya ce, "Amarya, ni zan jira, siminti ne ba ya jira. In ya sha danshin Yuli dutse zai zama a cikin buhunsa. Bangon nan kuma in ba a ɗaure shi ba, ba zai ga kaka ba." Na ce to a ɗaure shi, a gina sabon a gefe. Ya yi dariya ya ce, "Da wane simintin? Abin da ke zaure aiki ɗaya zai yi. Ko sabo, ko tsoho."

Inna ba ta cin abinci sosai. Ta kan zauna a zaure tana duban hanya. Shekaranjiya na fito da safe na tarar da ƙwarya cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a bakin ƙofata. Na san Inna ce ta ajiye don in shafe bangon. Na ɗauka na shiga.

Yaya, na shafe jirgin. Na shafe raken. Ina shafawa ina cewa Allah ka dawo mini da shi lafiya, duk da na san laka ba ta kashewa ba ta rayawa. Da na gangaro kan zabin hannuna ya ƙi. Na tsaya da ƙasa a tafina har ta bushe ta fara zuba. Na ji kamar ni ma takabar na shiga, alhali ba wanda ya ce mini ka mutu.

A littafi idan takarda ta yanke, shafi biyu ne a ji dalili. Ni na buɗe duk littattafan da ke cikin akwati, ba wanda na iya wuce layin farko.

In kana da rai ka aiko ko da yatsa ne ka dangwala a takarda.

Atika

Kaduna, ƙarshen Yuni, 1964

Atika,

Bayan gaisuwa. Lafiyata ƙalau, ko ƙwarzane ban yi ba. Ki fara karanta wa Inna wannan layin kafin ki wuce. Yajin aiki ne, mu ma an rufe maɗaba'a, muka zauna a gida muna cin gari. Takardunki biyu rana ɗaya suka same ni. Ki ce wa Inna rai da ajali na Allah ne, bango bai san sunana ba. Ta ci abinci, in ba haka ba zan zo in yi mata ɗura kamar jariri.

Sauran maganar kuwa, ba zan ɓoye miki ba, raina ya sosu. Ke kika ce ɗakin yana warin jemage. Ke kika rubuto cewa in kika mutu a ƙarƙashin azara alhakinki a wuyana. Na sayar da kekena saboda kwanon nan, Atika. Kullum a ƙafa nake zuwa aiki, ana yi mini tsiya wai Inuwa ya auri 'yar littafi ta mai da shi ɗan aike. Ina jin su ina murmushi, don ina hango ranar da zan shigo Ikara in ga kwano yana walƙiya daga nesa, in gan ki ta gilashi. Yanzu kuma a ce mini laka ta fi.

Ga bangon littafin nan na sa miki a ciki, na farko da ya fito daga inji. Ki duba yadda suka zauna, baƙi a kan rawaya, sun kewaye shafin kaf. Duk wanda ya shigo sai ya ɗauka ya duba. Wani malamin makaranta ya ce ko ba ya son littafin zai saya saboda zabin. Mai sassaƙa ya ɗan daidaita su, don ƙarfe guda ake yi a maimaita shi, dole kowace ta yi daidai da 'yar'uwarta. Ni a ganina Kaka ta sami abin da ba ta taɓa mafarki ba. Me ya rage a bangon da babu a nan?

Amma ita kakarki ce kamar yadda take kakata, kuma ke kike kwana a ɗakin. Ba zan yi miki dole ba. Na aika wa Maiwada cewa abin da kika ce shi zai yi. Abu ɗaya ki sani, ba zan iya sake tara irin wannan kaya nan kusa ba, wataƙila sai 'ya'yanmu sun yi wayo. Kada ki rubuto mini baɗi cewa jemage ya dawo.

Mijinki,
Inuwa

Ikara, farkon Yuli, 1964

Zuwa ga Yaya Inuwa,

Gaisuwa mai yawa da godiya ga Allah da ya nuna mana rubutunka. Na karanta wa Inna layin farko har sau uku, ta sa hannu ta shafa takardar, sannan ta ce a ɗumama mata tuwo. Maganar ɗura kuwa ta ce ka zo ka gwada. Dawa ta kai gwiwa, an fara noma na biyu.

Ban san ka sayar da keke ba. Wannan layin ya fi sauran tsaya mini a rai. Duk abin da ka ce na faɗa, na faɗa, har da wanda ka manta. Ka yafe mini. Wannan ba wasan taubasai ba ne, da gaske nake.

Bangon littafin ya yi kyau, Yaya. Na kai wa Iya Lantana, ta riƙe shi a juye ta ce, "Hajo ta shiga boko." Na yi ta shinshina tawadar. Sannan na shiga ɗaki na ɗaga shi kusa da bango ina gwadawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na zagaye shafin, duk gaba suka nufa. Wadda ta juya baya ba ta ciki. Na san ba laifin kowa ba ne, ka riga ka gaya mini yadda ƙarfe yake aiki. Na sa yatsa a kan ɗigon na takarda, sumul. Ka tambaye ni me ya rage a bangon. To su ne suka rage, ita da wurin sa yatsa.

Na sake jiƙa inda na shafe. Raken ya fito lafiya, amma hayaƙin jirgin ya biyo sabuwar ƙasar, rabin dagin ya tafi. Ni na yi wannan ɓarnar da hannuna a safiya ɗaya. Na ga abin da gatarin Maiwada zai yi.

Inna ta shigo ta same ni ina kuka a kan hayaƙin. Ta tsaya tana kallon bangon, karo na farko da ta dube shi sosai. Ta ce ita da aka kawo ta gidan nan a shafe ta same shi, shekara ashirin tana kai wa surukarta abinci ɗakin ba ta sani ba. Ta ce, "Ashe tsohuwar nan da wasa a cikinta." Ba ta ce in buɗe ba, ba ta ce in rufe ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita da ita.

Ina son tagar nan har yanzu, kada ka zaci na daina. Na buɗe zanen na zauna a gabanta a ƙasa, na ga fuskata a gilashin. Na san kuma baɗi jemage zai dawo, kuma na san ba ni da bakin faɗa.

Jiya na kira Maiwada. Siminti zai ɗaure gindin bangon ta waje ya gyara indararo. Kwano za a rufa wa Inna ɗakinta da yake yoyo, in ka shigo gari za ka hango shi yana walƙiya. Tagar zan aiko maka da ita a motar kasuwa, ka sayar ka haɗa ka nemi keke. Yau da safe ya fara aiki. Ba za a rushe ɗakin Kaka ba, a cikinsa zan zauna.

Taka,
Atika